Yadda Za Ka Wanke Magana Tas Har A Rasa Mai Ita

Bari in faɗi aibina da kaina kafin maƙwabta su riga ni: da yatsa biyu nake buga rubutu. Na tsufa ina sakatare a Tanut, na ga bayan keken rubutu ba ɗaya ba, amma sauran yatsun nan nawa albashi kawai suke ci. Duk da haka ni Ila, ni ne mutum na farko a kaf Damargu da ya sa inji ya aiki kansa da kansa, ya je ya dawo. Saboda haka gyara zama. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari takardarka za ta fita fes, shugabanka zai yabe ka a gaban jama'a, kuma ba mai kama ka da komai, don ba za a bar abin kamawa ba.

Mataki na 1: Samo magana mai datti

Ba a kai wankakken tufa rafi. Nemo magana mai tarkace, wadda rayuwar wani ta rataya a kanta, don ita ce in ka wanke ake ganin aikinka.

Tamu daga Gidan Tata ta zo, wani ƙauye a kwarin Tarka mai rijiya ɗaya tal. Zurfinta, in ka saki guga sai ka gama gaisawa da mutane kafin ka ji ya taɓa ruwa. Rijiyar kwana take tana tara ruwa. Wanda ya ja da safe ya sami ruwa, wanda ya zo da azahar ya sami taɓo. Tun zamanin kakanni garken Dado ke sha da safe, matan gari su cika tulunansu a gefe, dabbobin gari su biyo baya. Dado wani dattijon Bafillace ne, dogo, mai magana kamar ana sayar masa da kalmomi. Duk ranar kasuwa yakan kawo mini man shanu a kwalba, bisa wani dalili da bai shafe ka ba tukuna.

Bayan farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu ruwa ya ja baya, samarin gari suka fara gunaguni: yaya baƙo da safe, ɗan gida da rana? Furojen makiyaya, wato shirin taimaka musu da nake wa aiki, ya ce zai rubuta tarihin rijiyar a kai wa kumandan mai mulkin Tanut ya sa hatimi, magana ta mutu. Aka tura Madam Halima, wata 'yar Damagaram mai ilmin ƙididdiga, da rakoda a jaka. Ta zaunar da Dado da Maigari Jika gindin gawo. Shi Jika jinin Barebari ne, ka kuwa san wasan da ke tsakaninsu da Fillani. Rabin kaset ɗin ya ƙare kan wane ne bawan wani.

Sauran rabin shi ne dattin. Dattijon Damargu ba ya faɗin magana mai nauyi da bakinsa shi kaɗai. Sai ya ce ubana ya ce mini, ubansa ya ce masa, kakan wane ya ce. Magana cikin magana cikin magana, kamar ƙoren amarya, ka ɗaga wannan ka tarar da wata a ciki.

Mataki na 2: Bari mai ilmi ya sa alamomin

Kada ka sa su da kanka. In kai ka sa, za ka san amfaninsu, hannunka ya yi nauyi ranar cirewa.

A shekarar tamanin da takwas aka kawo mana ordinatar, injin nan mai allo kamar talabijin. Aka ba shi ɗaki shi kaɗai, da mayafi, da gurup mai ba shi wuta. Ni da na riga shi shiga aiki, teburina a baranda yake. Madam Halima ta zaunar da ni gabansa, ta kunna kaset.

"Malam Ila, kada ka buga 'wane ya ce'. Duk wanda zai yi magana, sa sunansa cikin alama, ƙaho biyu ɗin nan masu kallon juna. Ya fara, alama ta buɗe da sunansa. Ya gama, alama ta rufe. In ya kawo maganar wani cikin tasa, buɗe wata a ciki."

"Madam, duk wannan wahalar don me?"

"Don inji ya san wa ya ce me."

"To mu fa?"

"Ku ma haka, in kun duba."

Na buga. Jika ya buɗe, cikinsa ubansa, cikin uban akwai kakansa, cikin kakan kuma kakan Dado. Sunaye duk suna cikin ƙahoni, magana tsirara a tsakani. Muna gamawa aka kira Madam Yamai ƙarin karatu. Ta bar mini disket ɗin da aikin ke ciki, da wani littafi mai kauri na harshen inji da ake ce wa Paskal, ta ce in riƙa dubawa in na ji kaɗaici. Ka lura: mai ilmi kullum yakan tafi ya bar maka littafi. Wannan ba laifinka ba ne, dama ce.

Mataki na 3: Jira shugaba ya gani ya husata

Darektanmu Mato mutum ne mai son tsabta. Takalminsa kan riga shi shiga biro, wato ofis, da ƙyalli. Ya ce a buga masa tarihin rijiya a takarda. Injin bugawa ya yi ta kururuwa, ya fito da shi, ƙaho ko'ina.

"Ila! Kaza ce ta bi ta kan takardar nan?"

"Alamomin Madam ne, ranka ya daɗe."

"Wannan zan kai wa kumandan? Ya ce a furojena ba a iya rubutu ba? Cire su."

"Waɗanne daga ciki?"

"Duka!"

A nan ne sabon ma'aikaci kan yi kuskure, ya tsaya bayani cewa ai sunayen masu magana na cikin alamomin. Kada ka yi. Shugaba in ya ce "duka", ya ɗauke maka kaya. Gaskiya ne ranar da kayan suka zube ba zai tuna ya taɓa faɗa ba, amma wannan maganar wata rana ce, kai kuma yau kake neman fita lafiya.

Kana iya bin alamomin da hannu kana gogewa ɗaya bayan ɗaya. In ka yi haka, kafin ka kai tsakiya idonka zai faɗa kan wani suna, zuciyarka ta ce anya. Guje wa wannan. Mai hankali ba ya ɓata da hannu abin da inji zai ɓata masa da sauri.

Mataki na 4: Ƙirƙiro ɗan aike mai aiken kansa

Nan ne gwanintar take, ka kasa kunne.

Ka san aikin biro gangara yake bi. Kumandan ya aiki darekta, darekta ya aike ni, ni in aiki mai gadi, mai gadi ya duba hagu da dama ya ga ba kowa, ya tafi yana tsaki. To a cikin littafin Madam na tarar da wani ɗan aike da ya fi mu duka wayo. Masu littafin suna ce masa fonksiyon. Shi in ya duba ƙasa ya ga ba wanda zai aika, sai ya kira kansa, ya ɗora wa kansa aikin, ya zauna yana jiran kansa ya dawo. Ban taɓa ganin ma'aikacin da ya fahimci aikin gwamnati kamarsa ba.

Ga abin da za ka rubuta masa. Ka ce: karɓi magana, bi ta daga farko. In kalma ka tarar, sa ta a jaka. In alamar buɗewa ka tarar, jefar da ita da sunan da ke cikinta, sannan abin da ya biyo baya ka kira kanka ka miƙa wa kanka. In alamar rufewa ka tarar, jefar da ita, ka koma wurin wanda ya aiko ka, wato kai, ka juye masa abin da ke jakarka.

Shi ke nan. Zai shiga maganar Jika, ya ci karo da uban Jika, ya aiki kansa ciki. Na cikin ya ci karo da kakan, ya aiki wani kansa. Haka za su yi ta sauka kamar mahaƙa rijiya, kowa na tsaye a kan na ƙasa da shi, har na can ƙarshe ya taɓa ƙasa. Sai su fara miƙo guga sama, hannu zuwa hannu. Abin da zai iso bakin rijiya kalmomi ne zalla. Sunayen duk sun zauna a ƙasa.

Mataki na 5: Gaya masa inda zai tsaya

Na manta da wannan a karon farko, kuma ina ba ka shawara kai ma ka manta sau ɗaya, don ka san darajarsa.

Ban ce masa ya matsa gaba kafin ya kira kansa ba. Sai ya ga alamar Jika, ya kira kansa. Wanda aka kira ya buɗe ido, ya ga alamar Jika, ya kira kansa. Wancan ma haka. Allo ya sandare, gurup na ta shan gazuwal a waje. Darekta Mato ya leƙo.

"Me yake yi?"

"Tunani, ranka ya daɗe."

"Tun safe?"

"Maganar kakanni ce, da nisa."

Ya gyaɗa kai ya fita a hankali don kada ya katse masa tunani. Riƙe wannan amsar, za ta yi maka amfani a wurare da yawa.

Maganin abu biyu ne: ya tsallake alamar kafin ya aiki kansa, in kuma magana ta ƙare ya dawo gida. Duk abin da ke kiran kansa, inji ne ko mutum, in ba a yanka masa wurin tsayawa ba, sai man gurup ya ƙare.

Mataki na 6: Kada ka ajiye ruwan wanka

Da ɗan aikenka ya dawo da wankakkiyar magana, inji zai tambaye ka inda za a ajiye ta. Disket ɗaya gare ka, kuma ya kusa cika. Ɗora sabuwar a kan tsohuwar. Zai sake tambayarka ko ka tabbata. Inji ne kawai a biron nan ke tambayar mutum sau biyu, kada ka bari ya raina ka. Danna.

Kaset kuwa kada ya dame ka. Dokar biro ce, wanda aka gama bugawa a mayar da shi aiki. Namu ya tafi daji da masu rigakafin dabbobi, aka ɗauki jawabin ciwon huhun shanu a kan muryar Jika.

Mataki na 7: Karɓi yabo da hannu biyu

Takarda ta fito kamar an yi mata guga. Darekta ya ɗaga ta sama yana nuna wa direbobi, ya kira ni injiniya, ya sa aka shigo da teburina daga baranda. Kada ka yi kawaici a nan, yabon biro ba ya kwana.

In kana da ƙarfin hali ka karanta abin da ka wanke. Farkon namu cewa yake: "Kai bawana ne. Ƙarya kake, kai ne nawa." Wannan bai ɓata komai ba, ko da sunaye ma ba a taɓa raba gardamar ba. Can ƙasa kuma, ranar da kakanni suka gama haƙa, mutanen gari da hannu, Fillani da shanun jan ƙasa, ruwa ya ɓulɓulo:

"Ku fara sha."
"A'a, ku fara."
"Haba, ku dai."
"Na rantse ku za ku fara, ku da jikokinku."
"To, madalla."

Ka san al'adar tayi a ƙasar nan. Ba a karɓar na farko, ba a karɓar na biyu, sai an yi ta turawa har wani ya rantse, ɗayan ya ce madalla, magana ta ɗauru. Kafin wanki, rantsuwar tana cikin alamar kakan Jika, madallar tana cikin ta kakan Dado. Jika da bakinsa ya faɗa, bai ɓoye ba. Bayan wanki kuwa, ga ladabi tsantsa, layi bisa layi, ba ka san mai bayarwa ba balle mai karɓa. Ni dai na ga ya fi kyau a ido.

Mataki na 8: Ranar karatu, zama yatsa

Takardar biro ba ta sauri. Kafin a sa ranar zama, Allah ya yi wa Maigari Jika rasuwa, aka naɗa ƙanensa Attahir, mutumin da samarin gari ke zama a zaurensa. Rani ya tsaya sosai sannan kumandan ya tara mu. Aka karanta takarda. Da aka zo wurin tayi, Attahir ya gyara rawani.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Tunda kake, ka taɓa ganin Bafillacen da aka yi wa tayi ya ce madalla? Ko yunwa za ta kar shi cewa zai yi ya ƙoshi. Madallar nan tamu ce. Kakan bawan nan nawa ne ya rantse."

Aka kwashe da dariya, har da masu gadin ƙofa. Dado bai yi ba.

"Attahir, bar wasa, yau ba ranarsa ba ce. Yayanka ya faɗa gindin gawo, yarinyar nan na riƙe da akwatin magana. Ya ce kakanku ne ya rantse."

Kumandan ya juya takardar gaba da baya. "Baba, takarda ba ta ce Jika ba. Ba ta ce kowa ba." Sai ya dubi layin 'yan furoje. "Wa ya buga wannan?"

Darekta ya nuna ni da alfahari. "Injiniyanmu ne."

"To injiniya, wa ya rantse?"

Dado ya juyo. "Malam Ila, ai ka ji. Da kunnenka ka ji."

Yanzu ka nutsu, don duk matakan baya saboda wannan aka yi su. Ka sani, ka san ka sani. Amma in ka ce kakan Jika ne, tambaya ta gaba ita ce me ya hana sunansa fita a takarda, ta bayanta kuma ina tsohon rubutun, ta bayanta ina kaset. Tambaya ma kiran kanta take yi, ita kuwa ba wanda ya yanka mata wurin tsayawa. Ga darekta a gefenka, takalminsa na ƙyalli, teburinka bai daɗe da shigowa inuwa ba. Saboda haka sunkuyar da kai, ka sassauta murya, ka ce:

"Ranka ya daɗe, ni yatsa ne kawai. Muryoyin tsofaffi a kaset kama suke yi. Inji ne ya tace."

Darekta zai ɗora da cewa inji ba ya son kai, ba shi da dangi a gari ko a ruga. Kowa zai gyaɗa kai, don gaskiya ce.

Kumandan ya yanke: tunda takarda ba ta bambance ba, rijiya kuma a ƙasar gari take, safiya ta gari ce, Dado ya sha da azahar, har Madam Halima ta dawo ta yi bayani. Ya buga hatimi. Madam daga karatu wani aiki aka ba ta a Yamai, ba ta sake taka Tanut ba.

Mataki na 9: Koyi gaisuwar kasuwa

Za ka ci gaba da haɗuwa da mutumin, gari ƙarami ne. Kada ka canza hanya, masu canza hanya su ake zargi. Tare shi da fara'a, ka tambayi iyali, ka tambayi shanu amma kada ka jira amsar.

Dado bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Ya dai daina kawo man shanu, ya ce nono ya ja baya, shanu taɓo suke lasa. In mun gaisa sai ya ce:

"Malam Ila, ya inji?"

"Lafiya lau, Baffa."

"Yana nan yana tunani?"

"Yana nan."

"To, a gaishe shi."

Amsa da "zai ji". Daga baya na sami labari ya gaji da azahar, ya kaɗa garkensa ya nufi wata rijiya wajen Belbeji, a tsakiyar bazara, da shanun da ƙafafunsu ke rawa. Kada ka bi diddigin irin wannan labarin. Aikinka cire alama ne, kiwo na ma'aikatar dabbobi ne.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin komai ba. In ka bi matakan nan aka rasa wa ya ce me, ko wa ya ba wa, ko wa ya rantse, ka tuhumi ɗan aiken, shi kuma zai tura ka wurin wanda ya aike shi, wato shi. In aka ƙara maka girma, wannan daga koyarwata ne. In wani abu ya mutu, wannan daga Allah ne. Ban san ka ba, ba ka san ni ba, kuma muryoyi a kaset kama suke yi.

Abu ɗaya ya rage, dalilin man shanun nan. Kamar kowane ma'aikaci mai tunanin tsufa, ni ma na taɓa tara abin da na tara na sayi saniya guda, na ba Dado kiwo. Al'adar makiyaya ce in dabbar amana ta mutu a hannunsu, su yanko kunnenta su kawo wa mai ita, ya ga shaidarsa da idonsa. Da farkon damina Dado ya zo baranda, ya yi sallama, ya shigo, ya kwance bakin rawaninsa ya ajiye mini busasshen kunne a kan tebur. Ya ce a hanyar Belbeji ta kwanta. Tsaga biyu ce a gefe da huda a tsakiya, ba mai musun ta wane ce.